Madubin gefe na cirewa a tsohuwar mota: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu ya bar mana mota Peugeot 404 ƙirar 1968, har yanzu da fentinta na asali, kuma madubi ɗaya gare ta, na ciki. Ina so in riƙa fita da ita lokaci-lokaci a cikin Kano, amma ba na so a huda mata ƙofa. An ce mini akwai madubin da ake maƙalawa a cire. Shin doka ta yarda da shi?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Malam, Ya kyautata makwancinsa. A taƙaice, kana iya amfani da madubin da ake cirewa, da sharaɗin yana nan daram a gefe biyu duk lokacin da motar take tafiya a kan titin jama'a.

Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012, waɗanda aka fitar a ƙarƙashin dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007, sun buƙaci mota ta kasance da madubai a waje, dama da hagu, waɗanda aka ɗaura ta yadda direba zai san abin da ke tahowa a bayansa da gefensa. Abin da ƙa'idar ta duba shi ne aikin madubin, ba ta ce dole sai an huda bodi ba, kuma ba ta ɗauke wa mota wannan nauyi don tsufanta ba. Na faɗi haka ne saboda masu sha'awar tsofaffin motoci sukan karanta a intanet cewa a Ingila motar da aka fara hawa kafin 1 ga Agusta 1978 madubi ɗaya ya ishe ta, sai su ɗauka haka abin yake a ko'ina. Wannan sassauci na Ingila ne, ba zai zama maka hujja ba a gaban jami'in kiyaye haɗurra ko jami'in VIO da zai duba motar kafin ya ba ta takardar cancantar hawa titi.

Sai dai ba kowane madubin cirewa zan ba ka shawara a kansa ba. Wanda ake liƙawa da roba mai tsotso ko da maganaɗisu yakan saki idan ƙarfe ya ɗauki zafin rana, yakan kuma karkace da zarar taya ta faɗa rami, kuma madubin da yake rawa har ba a gane abin da ke cikinsa, jami'i yana da dalilin ɗaukarsa tamkar babu shi. Wanda ya dace shi ne mai maƙali, wanda yake cije bakin ƙofa ta sama ko ta gaba a ƙara matse shi da ƙananan notuna biyu, tare da 'yar roba a tsakani don kada ya ci fenti. Bayan an ɗaura, ka zauna a kujerar direba, wani ya tsaya can baya da gefen motar, ka tabbata kana ganinsa ba tare da ka ɗaga daga kujera ba, sannan ka buɗe ƙofa ka rufe da ƙarfi ka ga ko madubin ya goce.

Tarar da za a ci ka a hanya ita ce ƙaramar damuwa. Babbar ita ce ranar da, Allah Ya kiyaye, ka sauya layi ka bugi mai babur ko mai adaidaita sahu. A shari'ar sakaci kotu tana tambaya ne ko ka yi abin da direba mai hankali zai yi, kuma rashin madubi, ko madubin da aka ciro aka ajiye a but, hujja ce da lauyan wanda ya ji rauni ba zai bari ta wuce ba. Inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce ko da sau ɗaya a wata kake fita, kuma tun Janairun 2023 kuɗinta na motar gida Naira 15,000 ne, tana biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Ka shaida wa kamfanin inshorar a rubuce shekarun motar da irin madubin da ka sa, domin yarjejeniyar inshora a kan bayyana gaskiya take tsayawa.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma ya fi madubi nauyi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka motar da aka sayo a nan a 1968 mai yiwuwa ne sitiyarinta yana dama. Ƙa'idojin nan sun hana yi wa irin wannan mota rajista da tuƙa ta a titin jama'a. Idan taku haka take, madubi ba zai warware matsalar ba, kuma zaɓi biyu ne a gabanka: ko a mayar da sitiyarin hagu a wurin ƙwararren makaniki a kai ta VIO su duba, wanda hakan zai taɓa asalinta fiye da hudar ƙofa, ko kuwa a bar ta yadda take, a riƙa ɗora ta a kan babbar mota zuwa wurin biki ko baje koli. Motar da aka ɗauko a kan wata, ko take ajiye a harabar gida, ba a neman madubi a jikinta.

Ka ce kuma "ya bar mana". Idan ba a raba gado ba, motar ta dukan magada ce, kowa gwargwadon rabonsa, don haka duk wani sauyi da ba ya komawa, kamar huda ko juya sitiyari, sai da yardarsu. Ku rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu, ko ku karɓi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, sannan ka je ofishin lasisin mota da ita tare da tsofaffin takardun marigayi a mayar da rajistar da sunan wanda motar ta faɗo a rabonsa, domin da wannan suna za a yanki inshora.