Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Saman Sararin Sama da Sanyin Hunturun Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Gwale ne, ina noman alkama a Kadawa. Kullum ana cewa duniya na ɗumama, amma wata shekarar ɗari kan hana mu fita da asuba, wata shekarar kuma hunturu ya wuce ba mu ɗauko bargo ba. Na ji an ce iskar can sama ce ke juya lamarin. Gaskiya ne? Kuma idan aka yi muku-mukun sanyi a Turai, mu sa ran zai iso mu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai gaskiya a abin da ka ji, amma sai an warware shi.

Iskar da ke lulluɓe da duniya shimfiɗa-shimfiɗa ce. Ta ƙasa, wadda gajimare da ruwan sama da hazo suke cikinta, a saman Kano takan kai kusan kilomita 16, a ƙuryar arewacin duniya kuwa ba ta wuce 8 zuwa 9 ba. A bisanta akwai sitiratosfiya, wadda ta miƙe zuwa kusan kilomita 50. Iskar kabon dayoksaid, wadda ƙona mai da kwal ke ƙara yawanta, tana ɗumama ta ƙasa, tana kuma sanyaya ta sama. Masana yanayi Syukuro Manabe da Richard Wetherald sun lissafo haka tun 1967, ma'aunai kuma suka tabbatar daga baya.

Da hunturu ya kama, rana kan daina fitowa a ƙuryar arewa na tsawon watanni, iskar sitiratosfiya ta wajen ta yi sanyi ƙwarai. Sai wata iska mai gudu ta kewaye wurin, tana tafiya daga yamma zuwa gabas; ita ce za mu kira kewayen arewa. Kamar katantanwar yara take: idan tana juyi da ƙarfi sai ta tsaya cak, sanyi ya killace a arewa; idan ta rage gudu sai ta fara tangaɗi. Abin da ke rage mata gudu manyan igiyoyin iska ne da tsaunuka irin su Himalaya, da bambancin zafin teku da tudu, ke tayarwa su hau sama su doke ta. Idan dukan ya yi tsanani, iska ta nutso a kan ƙuryar arewa ta matsu, zafinta ya tashi da digiri har 50 cikin 'yan kwanaki. Masanin yanayi Richard Scherhag ne ya fara lura da wannan a Balin ta Jamus a 1952. Masana kan duba iskar da ke kilomita 30 a sama, a kan layin digiri 60 na arewa a taswirar duniya: idan ta juya ta koma daga gabas zuwa yamma, babban lamari ya auku. Hakan na faruwa kamar sau shida a shekara goma.

Tasirin ba ya saukowa nan take. Yakan ɗauki mako biyu ko fiye, ya kuma daɗe har wata biyu. A tsakiyar Fabrairun 2018 kewayen ya rabu biyu, kafin ƙarshen watan sanyin Saibiriya ya rufe Ingila da dusar ƙanƙara. Haka kuma daga wajen 1990 zuwa farkon shekarun 2010, hunturun wasu sassan tsakiyar Asiya da Saibiriya ya riƙa sanyaya alhali duniya na ɗumama, kuma a lokacin kewayen ya yawaita yin rauni. Masana na muhawara kan ko narkewar ƙanƙarar tekun arewa ce sila, ko kuwa kai-komon yanayi ne da aka saba. A ganinmu bai kamata a ɗora wa ɗumamar duniya kowane sanyi da aka yi ba. Abin da ya tabbata shi ne iskar sama tana sauya inda sanyi zai sauka, ba ta rage zafin da duniya ke tarawa.

To, mu dawo gida. Hunturunmu daga Sahara yake zuwa. Idan iska mai nauyi ta taru a kan Libiya, sai ta kwararo kudu maso yamma, ta matsu tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi a Chadi, ta kwashi farar ƙurar kwarin Bodele, bayan kwana ɗaya ko biyu hazo ya rufe Dala da Goron Dutse. Sanyin asuba kuma bushewar iska ce ke kawo shi: babu laima da gajimaren da za su riƙe zafin ƙasa da dare, shi ya sa a Disamba da Janairu ma'auni kan sauka wajen digiri 13 da asuba, ya kuma kusanci 30 da rana.

A nan ne amsar tambayarka ta biyu take, kuma ta saɓa wa zaton mutane da yawa. Idan kewayen arewa na da ƙarfi, iska mai nauyin da ke kan tsibiran Azores a Tekun Atlantika takan ƙarfafa, arewacin Turai ya samu hunturu mai sauƙi, arewacin Afirka kuwa ya fi sanyi, ƙurar Sahara ta fi tashi. Idan kewayen ya karye, lamarin kan juye: Turai ta daskare, arewacin Afirka ya yi ɗumi-ɗumi. Wannan rinjaye ne, ba doka ba, kuma kafin ya iso Kano da ke can kudu, a kan layin digiri 12 na arewa a taswira, ya yi rauni. Abin da ya fi kusa da mu shi ne guguwar hunturu da ke ratsa Bahar Rum: idan ta wuce gabas, sanyin da ke bayanta kan gangaro ta Libiya ya ƙarfafa hunturu na kwanaki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanke hukunci da shekara ɗaya. Ana auna yanayin wuri da shekara 30, yanzu 1991 zuwa 2020. A nemi bayanan hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na mafi ƙarancin zafin dare daga Disamba zuwa Fabrairu, a kwatanta shekara goma-goma, a kuma tuna cewa kwalta da siminti da kwano suna sa cikin gari ya fi ƙauye ɗumi da dare, don haka ma'aunin birni ba na gonarka ba ne.

Game da alkama, Malam, kada labarin sanyin Turai ya sa ka jinkirta shuka. Ka shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta yi 'ya'ya cikin sanyi, ƙwaya ta cika kafin zafin Maris. Idan zafi ya haura digiri 30 lokacin cikar ƙwaya, takan tsumbure ta yi shafal. Ka rataye ma'aunin zafi a inuwa, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, ka riƙa rubuta abin da ya nuna kafin fitowar rana, kuma idan zafi ya zo da wuri a ƙarshen Fabrairu, ka matso da tazarar ban ruwa.