Kuros ɗin daimon da lu'ulu'u na zamanin da, me yake nufi?

Tambaya: Malam barka da aiki. A Landan nake, na ga wani kan sarƙa a shagon tsofaffin kaya, kuros ne an jera masa daimon da lu'ulu'un teku, mai shagon ya ce na zamanin Sarauniya Biktoriya ne. Amma gabansa ya yi baƙi-baƙi bayansa kuma gwal, anya ba jabu bane? Kuma meye ma'anar haɗa duwatsun nan?

Amsa: 'Yar'uwa wannan baƙin da ya tsorata ki shi ne ma ya sa na fara yarda da mai shagon. Maƙeran Ingila na lokacin Biktoriya, 1837 zuwa 1901, a kan azurfa suke dasa daimon don farinsa ya fito a hasken kyandir, sai su shimfiɗa gwal a baya saboda kar azurfar ta ɓata fata ko riga, ita kuwa azurfa kin san halinta in ta kwana biyu sai ta dushe. Filatinam, wani farin ƙarfe mai tsada, sai wajen 1900 ya karɓe aikin azurfar. Ki juya shi ki duba hatimi, in kin ga 15 to gwal mai karat 15 ne, daga 1854 zuwa 1932 kawai aka yi ta buga shi a can.

Mu da Hausa duka biyun lu'ulu'u muke cewa, su kuwa kowanne da saƙonsa. Daimon sunansa daga kalmar Girkanci ne mai nufin abin da ba a rinjaya, shi ya sa yake wakiltar imani da alkawarin da ba ya karyewa. Lu'ulu'un teku kuma tsarki ne, a Linjila ma, Matiyu 13, an kwatanta mulkin sama da ɗan kasuwan da ya sayar da duk abin da ya mallaka ya sayi guda ɗaya mai tsada. Sannan lu'ulu'un alamar hawaye ne, musamman bayan rasuwar Yarima Albat, mijin Sarauniya Biktoriya, a 1861 da kayan adon makoki suka cika gari, so irin wannan kuros zai iya zama na amarya zai iya zama na mai takaba.

Inda ake cutar mutane shi ne lu'ulu'un. Na lokacin daga tekun Baharain da Siri Lanka masu nutso ke ciro shi, na kiwo, wato wanda mutane ke renon kawar teku ta samar da shi, irin na kamfanin Mikimoto na Japan, bai cika kasuwa ba sai shekarun 1920, kuma sau tari in ɗaya ya faɗi da na kiwon ake cikewa. Gwajin goga lu'ulu'u a haƙori na roba ko gilas kawai yake tonawa, ba ya bambanta na kiwo da na asali, so kafin ki biya ki ce a kawo takardar gwajin eksire.