Atisayen watan Agusta: me ya kamata mai kallo ya gaskata?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a wata jami'a da ke kudancin Amurka. Tun da na zo na lura mutanen garin nan ba su da zance sai na ƙungiyar jami'a ta ƙwallon ƙafar Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga. A makon farko na Agusta aka buɗe wa jama'a filin wasa rana ɗaya, abokaina suka ja ni kallon atisaye. Mai jefa ƙwallon, wanda suke kira kwatabak, kusan duk jifar da ya yi sai an cafe, wani sabon yaro kuma ya yi ta tsere wa masu tsaron baya. Muna fitowa wasu na cewa bana kofi namu ne, wasu na cewa tsaron bayanmu ya lalace, wani dattijo kuma yana ta faɗa wai atisayen yanzu wasan yara ne, ko kayar da mutum ba a yi. Wa zan gaskata a cikinsu? In kuma na sake samun dama, me zan riƙa dubawa?

Amsa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Masu cewa kofi naku ne da masu cewa tsaron baya ya lalace, abu ɗaya suka kalla, kuma abin da suka kalla ɗin ba zai raba musu gardama ba. A atisaye ƙungiya da kanta take karawa. Duk lokacin da yaron nan ya tsere, ɗan ƙungiyarku ya tsere wa. Ko dai yaron gwani ne, ko mai tsaronsa rago ne, ko duka biyun, ko kuma kocin tsaron baya yana gwada wani sabon tsari da yaransa ba su gama haddacewa ba. Daga kan kujerar 'yan kallo babu yadda za a yi mutum ya bambance. Kociyoyin kansu sai sun koma ɗaki sun zauna gaban bidiyo, suna mayar da wasa ɗaya baya suna sake kallo, kafin su san wanda ya yi daidai da wanda ya kuskure, alhali su ne suka rubuta abin da za a yi.

Kwatabak ɗin da ya burge ku, na tabbata rigarsa ta sha bamban da ta sauran. A jami'o'i da yawa ja ce, wasu kuma wani launi suke zaɓa. Ma'anarta ita ce kada wanda ya taɓa shi. Mai tsaron baya zai kutso ya iso gabansa, sai ya ratse ya wuce, shi kuma ya tsaya a tsanake ya yi jifarsa, 'yan kallo su yi tafi. Da ranar wasa ce, da tuni yana ƙasa. Akwai ma wani sashe na atisaye da ake yi bakwai da bakwai, inda ake cire ƙartin layin gaba na ɓangarorin biyu gaba ɗaya. A nan jifa takan yi kyau ƙwarai, domin an ɗauke abin da ya fi wahalar da mai jifa: ƙaton mutum mai nauyin kilo fiye da 120 yana tahowa kansa da gudu. Abin da ke raba kwatabak na gaske da na atisaye shi ne yadda yake yanke shawara cikin daƙiƙa biyu zuwa uku alhali ya san za a buge shi, kuma wannan ne kaɗai abin da aka haramta gwadawa a kansa a watan Agusta.

Sannan ranar da aka buɗe wa jama'a ƙofa, koci ya san akwai wayoyi a hannun mutane, ya kuma san abin da aka ɗauka zai kai ga abokan hamayya kafin magariba. Don haka abin da kowa ya sani yake nunawa. 'Yan jarida ma a yawancin manyan jami'o'i minti 15 zuwa 20 ake barinsu, su ga miƙe jijiyoyi da atisayen ɗaiɗaiku, sai a raka su waje kafin a fara na gaske.

Dubi abin da ya faru a jami'ar Alabama a 2023. Kwatabak ɗinsu Bryce Young ya tafi gasar ƙwararru ta NFL, inda aka ɗauke shi na farko a zaɓen shekarar, ya bar gurbi. Mutum uku suka shafe Agusta suna neman gurbin: Jalen Milroe, Ty Simpson da Tyler Buchner, wanda ya taho daga Notre Dame. Magoya baya suka kasu, kowa da gwaninsa, kowa da abin da ya ce ya gani ko ya ji daga wanda ya gani. Nick Saban, kocin da ya ci kofin ƙasa sau bakwai, wanda ba ya rasa ko atisaye ɗaya, ya ƙi ma fitar da jerin 'yan wasan farko kafin buɗe kaka. Ya fara da Milroe. A mako na biyu Texas ta doke su 34 da 24 a gidansu da ke Tuscaloosa. A mako na uku ya ajiye Milroe ya fara da Buchner, daga baya ya sako Simpson, suka sha da ƙyar a hannun South Florida, 17 da 3. Sai ya mayar da Milroe, kuma da shi suka doke Georgia 27 da 24 suka ɗauki kofin SEC, rukunin manyan jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a watan Disamba. In mutumin da bidiyon kowane atisaye ke hannunsa sai da ya ga wasa uku na gaske kafin ransa ya kwanta, ka ga matsayin hukuncin wanda ya zauna awa biyu a rana.

Jim Harbaugh, kocin jami'ar Michigan na lokacin, shi ma bai yarda atisaye ya yanke masa ba a 2022. Yana da kwatabak Cade McNamara, wanda ya jagorance su suka doke Ohio State a 2021 bayan shekaru suna shan kashi, yana kuma da matashi J.J. McCarthy. Sai ya sanar cewa McNamara zai fara wasan farko, McCarthy na biyu, sannan ya zaɓa. McCarthy ya karɓe gurbin, kuma da shi suka ci kofin ƙasa a Janairun 2024.

Kada ka ɗauka ina cewa zuwanku ɓata lokaci ne. Akwai abubuwan da koci ba zai iya ɓoyewa ba ko ya so, sai dai ba su ne ke sa mutane ihu ba.

Mafi girmansu shi ne wa ke tsayawa da wa. Bakin koci zai iya cewa kowa na da dama, amma lokacin atisaye kaɗan ne, ba zai ɓarnatar da shi ba. In ka ga sabon yaro yana shiga tare da rukunin farko, yana fuskantar rukunin farko na masu tsaron baya, wannan labari ne. In kuwa rukuni na uku ya yi ta tsere wa, yaran da galibinsu ba za su taka fili ba a bana, to gudunsa kawai ka gani. Tambayi abokanka lambobin rigunan waɗanda yaron naku ya tsere wa. Amsar za ta fi yawan tserewar amfani. Ka kuma lura ko ana saka shi cikin rukunin da ke fita lokacin bugun ƙafa, domin ta nan sababbin yara da yawa ke fara samun wurin zama a jirgin tafiya wasan waje.

Sai ƙartin nan biyar da ke tsaye gaban kwatabak. Ni a ganina su ne abin kallo na farko, kuma su ne mutane suka fi mantawa da su, saboda ido ƙwallo yake bi. Aikinsu na haɗin baki ne, kowa sai ya san abin da na kusa da shi zai yi tun kafin ya motsa. In mutum biyar ɗin nan su ne dai kullum, kowa a gurbinsa, alama ce mai kyau. In ana ta sauya su har ƙarshen Agusta, yau wannan a hagu gobe a dama, to kociyoyin ba su samu abin da suke nema ba, kuma kwatabak zai ɗanɗana a watan Satumba komai gwanintarsa.

Waiwaya gefen fili kuma. Wa ke kan keken motsa jiki tare da masu jinya? Wa ya zo babu hular kwano? Wa babu shi kwata-kwata? Jami'o'i ba su cika son maganar rauni a wannan lokaci ba, amma ido na gani. Mai bugun ƙafa shi ma abin da ka gani a wurinsa ya fi kusa da gaskiya, tunda nisan da sandunan raga ba sa canzawa. Haka ƙananan kurakurai: ƙwallo na faɗuwa wajen miƙa ta ga kwatabak, mutum na motsawa kafin lokaci, ana tsayar da wasa don wani bai san inda zai tsaya ba. Waɗannan laifin ƙungiya ne ita kaɗai, babu ruwan ƙarfi ko raunin wanda ke gabanta.

Sauyin salo ma ana ganinsa. Jami'ar LSU ta jihar Louisiana ta daɗe da suna wajen tura ƙwallo da gudu da ƙarfin tuwo. A farkon 2019 ta ɗauko wani matashin koci, Joe Brady, daga ƙungiyar New Orleans Saints, don ya gyara sashen jifa. Masu leƙa atisaye suka riƙa ba da labarin cewa an baza masu cafe ƙwallo a faɗin fili, ana kuma wasa da sauri. Magoya baya da yawa ba su yarda ba, don an sha yi musu irin wannan alkawari. Amma wannan karon abin da aka gani tsari ne, ba sa'ar rana ɗaya ba. Kwatabak ɗinsu Joe Burrow, wanda jifarsa 16 ce ta kai ga ci a 2018, ya yi 60 a kakar 2019, LSU ta ci wasanninta 15 duka har da kofin ƙasa. Babu wanda ya hango 60 daga kujerar kallo, amma wanda ya ce salon ya canza gaskiya ya faɗa.

Saura maganar dattijon, kuma ita ce na fi so ka riƙe, don ta wuce batun cin kofi. Gaskiya ne atisayen yanzu bai kai na da tsanani ba. A 1954 koci Bear Bryant ya kwashi 'yan wasan Texas A&M zuwa wani ƙaramin gari mai suna Junction, cikin fari da zafin rana, ya yi kwana goma yana gasa su, ko ruwan sha ba a ba su lokacin atisaye. Da yawa suka gudu. Har yau ana ba da labarin a matsayin jarumta, amma a kakar nan wasa ɗaya suka ci cikin goma.

Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ba haka kawai ta sassauta ba. A 2003 ta wajabta kwana biyar na sabawa da zafi kafin a shiga cikakken atisaye. A 2017 ta hana yin atisayen karo sau biyu a rana ɗaya. A farkon 2021 aka wallafa wani bincike a mujallar likitoci ta JAMA Neurology, wanda ya bi 'yan wasa 658 na manyan makarantu shida daga 2015 zuwa 2019. Ya gano kashi 72 cikin 100 na buguwar ƙwaƙwalwa a atisaye ta faru, ba a wasa ba, kuma kusan rabinta a wannan ɗan lokaci na share fage. A shekarar aka sake tsaurara doka: kwanakin sabawa suka koma bakwai, cikin atisaye 25 da aka yarda a yi kafin wasan farko, tara ne kawai za a sa cikakken sulke, wasan gwaji tsakanin juna bai wuce biyu ba, an kuma hana atisayen da ake tsayar da mutum biyu su yi karo gaba da gaba kamar raguna. Ranaku biyun farko hular kwano kaɗai ake sawa. Tunda a makon farko kuka je, mai yiwuwa dokar ma ba ta yarda a kayar da kowa ba a ranar. Ko a ranakun da aka sa sulke, sau da yawa umarnin shi ne a tare mutum a riƙe shi, kada a kai shi ƙasa.

Zafi kuwa kisa yake yi. Jordan McNair ɗan shekara 19 ne a jami'ar Maryland. Ya faɗi wajen motsa jiki ranar 29 ga Mayu 2018, ya rasu ranar 13 ga Yuni sakamakon bugun zafi. Binciken da aka yi ya nuna ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba, matakin da likitoci suka san yana ceton rai in an gaggauta. Shugaban jami'ar ya fito ya ce sun ɗauki alhakin kurakuran da aka yi, daga baya kuma aka sallami kocin. Yaran nan ɗalibai ne irinka, kaɗan ne ƙwarai cikinsu za su kai ga NFL, sauran da wannan jiki da wannan ƙwaƙwalwa za su nemi abincinsu har tsufa. In ka ga an tsayar da atisaye an ba su ruwa, ko ka hango bahon ƙanƙara a bakin fili, ka ga jami'ar da ta san abin da take yi. Ka gaya wa dattijon haka cikin ladabi, wataƙila a zamaninsa ba a san abin da aka sani yanzu ba.

Wannan sassauci yana da farashi, ba zan ɓoye maka ba. Kociyoyi da dama na kukan cewa kayar da mutum ba ya kyau a makonnin farko na kaka, saboda ba a yi shi da yawa ba a Agusta. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba za ka iya auna masu tsaron bayanku da abin da ka gani ba, tunda rabin aikinsu an hana su yi.

Game da lokacin da za ka fara yanke hukunci, ko wasan farko kada ka dogara da shi sosai. Manyan jami'o'i sukan biya ƙananan makarantu kuɗi su zo gidansu a buɗe kaka da su. Alabama ɗin nan ta 2023 ta lallasa Middle Tennessee 56 da 7 mako ɗaya kafin Texas ta zo. Duba jadawalin jami'arku, ka nemo wasan farko da za ku yi da ƙungiyar da ta kai ku ƙarfi. A ranar ka ɗauke ido daga ƙwallo na ɗan lokaci, ka kalli ƙartin gaba biyar, ka ƙirga daƙiƙa nawa suke sama wa kwatabak ɗinku kafin a iso shi, sannan ka ga abin da yake yi a jifar da ta biyo bayan bugun farko da ya sha.