Tambaya da Amsa: Bukukuwan Indiya da mai tafiya jinya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifina asibiti a birnin Delhi a ƙarshen watan Oktoba, kuma an ce mini lokacin bukukuwansu ne. Waɗanne bukukuwa Indiyawa suke yi a shekara, kuma za su shafi tafiyarmu? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ranaku uku ne kawai ƙasar baki ɗaya take hutu a kansu ba tare da sun sauya ba: 26 ga Janairu, ranar da tsarin mulkinsu ya fara aiki a 1950, 15 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai daga Ingila a 1947, sai 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Mahatma Gandhi. Yawancin bukukuwan addini da lissafin wata suke tafiya, saboda haka ranakunsu sukan gusa kowace shekara, kuma abin da wata jiha ta ɗauka da girma, maƙwabciyarta ba lallai ta rufe ofis saboda shi ba.

Wanda zai fi shafarku shi ne Diwali, wanda yakan faɗo tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Mabiya addinin Hindu suna tunawa ne da komawar Rama, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, garin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira, sai ka ga an jera ƙananan fitilun kasko masu lagwani, irin aci-balbal ɗinmu, a bakin ƙofa da kan katanga da tagogi, ana raba kayan zaƙi gida-gida. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma a Delhi yana zuwa da matsala, domin hayaƙin wasan tartsatsin wuta yakan haɗu da na karan shinkafa da manoman jihohin Punjab da Haryana, da ke kusa da Delhi, suke ƙonawa a daidai wannan lokaci, har iskar garin ta yi nauyi. Idan ciwon Baba ya shafi ƙirji ko numfashi, ku sanar da likitansa tun yanzu, ku tanadi takunkumin fuska, sannan ku tabbatar ranar ganin likita ba ta faɗa cikin hutun ba. Tikitin jirgin ƙasa ma yakan yi wuya, saboda ma'aikata suna tururuwar komawa garuruwansu, musamman 'yan jihar Bihar masu bikin Chhath, na bautar rana, kwana shida bayan Diwali.

Kimanin mako uku kafin Diwali ake yin Dussehra, wani bikin mabiya Hindu, lokacin da birnin Kolkata yake cika maƙil saboda Durga Puja, bikin abar bautarsu Durga. Mumbai kuwa nata babban bikin shi ne na Ganesh, abin bautarsu mai kan giwa, a Agusta ko Satumba. Holi, na watsa garin launi da kuke gani a finafinansu, galibi a watan Maris yake, kuma baƙo ba ya tsira. Duk wanda ya fita da farar shadda ran nan, shi ya so.

Salla ƙarama da babba duk ranakun hutu ne a can, domin ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun kai kashi 14 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Babbar Salla suna kiranta Bakrid, kuma da awaki aka fi yin layya, saboda jihohi da yawa sun haramta yanka saniya. Idan Baba ya samu sauƙi, ku je Juma'a a Jama Masjid da ke tsohon birnin Delhi, wanda Sarki Shah Jahan ya gina aka kammala a 1656.