Tambaya Da Amsa: "Malam, Sau Uku Ana Maido Min Da Tsakurena"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni, ya ƙoƙari? Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe a fannin aikin gona, furojet ɗina kan ajiyar albasa ne, na kwatanta rudu irin wanda manomanmu ke yi da wani ɗaki mai shan iska da muka gina. Babi biyar duk sun wuce amma abstirak ɗin sau uku sufabaiza na maido min, abin da yake rubutawa kawai "ina sakamako?" alhali kuwa na rubuta cewa an tattauna sakamako kuma an ba da shawarwari. Difens, wato kare aikin a gaban malamai, saura sati biyu, don Allah mi zan gyara?
Ɗalibi daga Jega

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'a. Toh gaskiya malaminka na da gaskiya, kuma taimakonka ya yi da bai sa hannu ba. Abin nan da kuke kira abstirak, wato taƙaitaccen bayanin aikin gaba ɗaya da ake sawa a farkon kundi, malaman Hausa a jami'o'inmu tsakure suke ce masa, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna maka aikinsa. Ka taɓa tsayawa wajen masu sayen shinkafa a kasuwar Jega? Mutum ba ya kwance buhu, ƙarfe yake sokawa ya zaro 'yar kaɗan a tafin hannu ya duba, in akwai tsakuwa ya gani in ta karye ya gani, daga nan sai a yi maganar kuɗi. To abin da ya fito a tafin hannun nan shinkafa ce ta gaske irin wadda ke cikin buhun. Kai kuma da ka rubuta "an tattauna sakamako" ka miƙa masa hannu ba komai ciki ka ce ya yarda akwai shinkafa, cinikin biri a sama kenan.

Kuma ka sani wannan ɗan sakin layi shi ne wanda aka fi karantawa a duk kundinka. Malamin da za a ɗauko daga wata jami'a ya zauna difens ɗinku da shi yake farawa, don kundaye ne tuli a gabansa. In kuma aikin ya hau intanet, mai bincike a Google Scholar, shafin neman takardun ilimi, take da tsakure yake fara gani, mujallu da yawa ma sauran takardar sai an biya kuɗi ake buɗewa, in bai ga abin da ka gano a nan ba wucewa zai yi ya bar wahalarka ta wata shida a ƙasa.

Ga yadda za ka yi. Yawancin wurare kalma 150 zuwa 250 suke so a sakin layi ɗaya, tsarin APA ma, ƙa'idar rubuta bincike da makarantu da yawa ke bi, iyakarsa kusan kenan, amma ka duba abin da sashenku ya ce don shi ke gaba. A cikin wannan, jimla ɗaya ta ishe ka faɗin matsalar, cewa manoma na asarar albasa a ajiya kafin farashi ya tashi. Kada ka tsaya ba mu labarin cewa albasa kayan miya ce mai muhimmanci a duniya, kowa ya sani, kuma a nan ɗalibai ke cinye rabin wurin. Sai ka faɗi abin da ka yi: a ina, wace irin albasa, kilo nawa ka zuba a kowane wuri, sati nawa ta yi, duk bayan kwana nawa kake aunawa. Sannan sakamako, wanda ni a wurina ya kamata ya ci kusan rabin tsakuren, kuma da lamba. Albasa a ajiya ta hanya uku take tafiya, ta rage nauyi saboda ruwan jikinta na fita, ta ruɓe, ko ta yi tsiro, to kowanne ka faɗi kashi nawa cikin ɗari ka samu a rudu, nawa ka samu a ɗakin naku. In ma rudun ne ya fi ko kuma bambancin bai taka kara ya karya ba, ka faɗa hakanan, shi ma sakamako ne kuma manomin Aliero zai amfana da jin cewa ba sai ya kashe kuɗin gini ba. Ƙarshe jimla ɗaya kan abin da wannan ke nufi ga mai ajiya.

Likitoci sun daɗe da gane wannan, tun 1987 mujallunsu suka fara raba tsakure da ƙananan kanu, manufa, hanyar bincike, sakamako, kammalawa, don kada marubuci ya tsallake ɗaya. Kai ma ka rubuta kanun a takardar gwaji ka cike kowanne, in ka gama sai ka goge su ka haɗe jimlolin.

Abubuwan da ba sa shiga: ambaton wane ya ce a shekara kaza, "duba jadawali na 4", gajerun haruffan da ba ka warware ba, da duk abin da babu shi a cikin kundin. Kuma don Allah ka buɗe babi na huɗu ka gwada kowace lamba da wadda ka sa a tsakure, na sha ganin ɗalibi ya gyara lissafi a ciki ya manta na tsakure, a difens kuwa shi ne farkon abin da ake kamawa. Ka sa fitilun kalmomi, wato muhimman kalmomin aikin, guda uku zuwa biyar a ƙasa, irin waɗanda mai neman aikinka zai rubuta da kansa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina aiki a sashen ruwa, mun zagaya mun duba rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka mun haɗa rahoto shafi 60, yanzu oga ya ce in taƙaita a shafi ɗaya za a kai sama. Na ɗauko jimla biyu-biyu daga kowane sashe na jera amma ni kaina da na karanta ban ji ya yi ba.
Ma'aikaciya daga Birnin Kebbi

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, kunnenki bai yaudare ki ba. Naki ya bambanta da na ɗalibin can, shi mai karanta nasa ilimi yake nema, ke kuma mai karanta naki hukunci zai yanke, ƙila ma a mota zai duba tsakanin taro da taro. Saboda haka ki juya rahoton, abin da ke shafin ƙarshe shi zai hau sama. Layin farko ya ce rijiya nawa kuka duba, nawa ke aiki nawa suka tsaya, kuma me kuke so a amince da shi, nawa zai ci, zuwa yaushe. Bayan nan dalili, fanfo ne ya lalace ko sola aka sace ko ruwan ne ya yi ƙasa da rani, don kowanne maganinsa da kuɗinsa daban. Yadda kuka yi awo jimla ɗaya ta isa, mai son ƙari shafi 60 na nan.

Wannan ba sabon kuka ba ne, Churchill, firayim ministan Birtaniya, ana cikin yaƙin duniya na biyu, ranar 9 ga Agusta 1940, sai da ya rubuta wa ma'aikatansa takarda musamman yana cewa rahotanninsu sun yi tsawo suna cin lokaci, a riƙa fito da muhimman batutuwa a gajerun sakin layi.

Abu ɗaya da nake roƙonki, in akwai mummunan labari kada ki ɓoye shi a tsakiya don gudun ɓacin ran manya. In awonku ya nuna ruwan wani ƙauye bai kamata a sha ba, to shi ne jimlar farko, kafin ma maganar kuɗi, da sunan ƙauyen. Mu nan mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje a yankin Anka da Bukkuyum ta kashe yara sama da 400, irin wannan labarin kwana ɗaya da zai ƙara a kan tebur ba a gane shi ba rai ne. Ki rubuta da kalmomin da wanda bai karanta injiniyanci ba zai gane a karatu ɗaya.

TAMBAYA: Malam ya halatta in ba ChatGPT kundina ya fitar min da tsakure?
Ɗaliba daga Yauri

AMSA: 'Yata, fara tambayar sashenku don wasu sun hana. Ko an yarda ma ni na fi son ki rubuta da hannunki tukuna, don yakan kawo lambar da babu ita a aikinki cikin Turanci mai santsi har ki kasa lura, kuma ranar difens ke za ki tsaya ba shi ba. Ki rufe kundin, ki samu ƙanwarki ko wata ƙawa da ba fanninku ɗaya ba ki gaya mata da baki cikin minti biyu me kika yi me kika gano, ki ɗauki muryarki a waya. In ta ce "to sai me kika samu?" kin san inda ramin yake. Abin da kika faɗa mata shi za ki zauna ki mayar rubutu, sannan ki buɗe kundin ki tabbatar da lambobin ɗaya bayan ɗaya.