Hukuncin Sanya Tsohon Bidiyon Zuwa Duniyar Wata a Tallar Kaya

Tambaya: Malam, ina sayar da batiran litiyom da kayan sola a titin Emir Yahaya da ke Sakkwato. Yaron da ke haɗa mini talla ya ɗauko bidiyon saukar Amurkawa a duniyar wata, ya jona shi da hoton batirinmu, ya rubuta a ƙasa: "Fasahar da ta kai mutum wata." Shin ya halatta in yaɗa wannan tallar?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Asalin mu'amala halacci ne har sai dalili ya zo da hani, kuma hoton da ba shi da inuwa ba haramun ba ne a mazhabarmu ta Malikiyya, saboda haka bidiyon kansa babu laifi a cikinsa.

Haƙƙin mallaka abu ne da shari'a take karewa, kamar yadda Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka mai wannan bidiyon, ta bar yawancin hotunanta a buɗe ga jama'a, amma ta hana a sa tambarinta a talla ko a nuna kamar ta amince da wata haja, kuma fuskar ɗan sama jannatin da ake iya ganewa tana buƙatar izini. Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun nan. Kumbon da ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a wata a Yulin 1969 batiran azurfa da tutiya ya yi aiki da su, ba irin naka ba. Manomin da ya zo daga Wurno da kuɗin albasarsa, ya ga ɗan sama jannati yana taka ƙurar wata sannan batirinka ya biyo baya, zai ɗauka kayan da aka gwada a can ne, kuma a kan wannan zaton zai biya. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malamanmu sun hana yaudara, ta aiki ce ko ta baki, kuma jera hotuna don su faɗi abin da kai ba za ka iya rantsewa a kansa ba yana cikinta.

Don haka ka sa yaron ya goge wannan jumla da tambarin NASA idan akwai shi a ciki, ya bar bidiyon a matsayin ado, ya rubuta ainihin ƙarfin batirin da tsawon garantinsa. Wanda ya riga ya saya saboda waccan da'awa yana da zaɓin mayar da kaya. Allah ne Mafi sani.