Dalilin da ya sa muke gwada layi kafin mu miƙa wa dattijo waya

Yaya, ka tambaye ni me ya sa in za a yi magana mai nauyi daga Jos, sai yaro ya fara kira ta WhatsApp yana "kuna ji na sosai?" kafin ya miƙa wa Baba. Na san a Katsina wasu raini suke ɗaukarsa, wai yaro ya riga manya buɗe baki. Wallahi girmamawa ce.

Tun zuwan kakanninmu haƙar kuza danginmu a warwatse suke, wasu a Gangare, wasu Bauchi, wasu har Jidda. Ta'aziyya, maganar aure, sulhu, da yawa ta waya ake yinsu. Ka kuma san gaisuwarmu: "ina gajiya" ba ta gama sauka ba, "ba gajiya" ta tashi. Da zarar murya ta yi jinkiri, sai dattawa biyu su riƙa hawa kan maganar juna, ko kowa ya yi shiru yana jiran ɗan'uwansa, a ajiye waya wani na jin an share shi. A ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, jinkirin murya da bai wuce milisakan 150 ba (milisakan dubu ne sakan ɗaya) bai cika damun hira ba, wanda ya haura 400 kuwa ba a yarda da shi.

Abin da yaron nan yake yi, shi injiniyoyi ke yi. A ƙa'idar auna ingancin murya ta ITU mai lamba P.800 ta 1996, mutane ake zaunarwa su saurari murya, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5, a fitar da matsakaici, shi ne ake kira MOS. Daga baya aka samu hanyoyin awo na kwamfuta, PESQ a 2001 da POLQA a 2011, masu kwatanta muryar da aka tura da wadda ta isa, su ma da makin da kunnen mutane ya bayar aka daidaita su. Sai dai tsabtar murya suke aunawa, ba ruwansu da jinkirin amsa. Shi ya sa namu yaron ba ya tsayawa kan "ina ji", sai ya yi cikakkiyar gaisuwa ya ji yadda amsa ke dawowa. In tana yankewa, ya kashe bidiyo, ya fita ƙofar gida, ko ya sa kati ya kira ta layi.

Don Allah in ya kira, ka faɗa masa gaskiyar yadda kake jinsa. Kada kara ta sa ka ce "raɗau" alhali rabin maganar kake kamawa, domin Baba ba zai iya ce maka ka maimaita ba.